Allon DAC ya ƙi wuce 48 ko da fayil mai 192 na kunna: a ina matsalar take?

Mai Sauraro ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar sauti. Ina neman wanda zai fitar da ni daga wani duhu da na kwana biyu a cikinsa. Kwanakin baya na haɗa kwamfutata ta tafi-da-gidanka, mai aiki da Windows 10, da na'urar juya lambobi zuwa sauti wadda aka fi sani da DAC, domin na gaji da siririn shuuu da nake ji a duk lokacin da na soka lasifikar kunne kai tsaye a jikin kwamfutar. A kan kwalin na'urar an rubuta cewa tana karɓar har bit 24 da kilohaz 192, wato samfurin sauti 192,000 a kowace daƙiƙa, tana kuma karɓar DSD64, wani tsarin adana sauti na daban. A bayanta akwai ƙofofi uku, ta USB da ta wayar haske da ta kowaks, a gabanta kuma akwai ɗan ƙaramin allo da ke nuna lambar abin da ke shigowa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan allon bai taɓa nuna komai ba sai 48. Na kunna fayil ɗin FLAC, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba ya zubar da komai, da na kwafo daga faifan CD, wanda na tabbatar 44.1 ne, allon ya ce 48. Na kunna mai 96, na kunna mai 192, lambar ko gezau ba ta yi ba. Na sauya wayar USB sau biyu, na sauya ƙofar da nake sokawa, duk kanwar ja ce. Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, in shiga saitin sauti in ɗaga lambar zuwa 192 in bar ta a nan. Na bi shawararsa, sai allon ya koma nuna 192 a kan komai, har da ɗan ƙaran da kwamfuta ke yi idan saƙo ya shigo. Wannan ma bai kwanta mini a rai ba, domin ban ga yadda faifan da aka naɗa a 44.1 zai rikiɗe ya zama 192 don kawai na taɓa wani saiti ba.

To, ta wace hanya zan sa fayil ya isa na'urar kamar yadda yake, ba tare da an taɓa shi a hanya ba? Kuma cikin ƙofofin nan uku wacce ta fi dacewa da sauti mai irin wannan inganci, ganin cewa kwamfutata USB kaɗai take da shi, sai dai in nemi ɗan akwatin da ke mayar da USB zuwa haske? Daga ƙarshe, ana ta yi mini tallar wayar USB ta musamman da aka ce tana buɗe sauti. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ko kuwa zance ne kawai?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Sauraro. Ka kwantar da hankalinka, na'urarka lafiyarta ƙalau, wayarka ma haka. Hasali ma wannan ɗan allon da ke ba ka haushi shi ne mai gaskiya a cikin kayan gaba ɗaya, domin abin da aka miƙo masa yake faɗa, ba abin da ke rubuce a jikin fayil ba.

Windows yana da mahaɗar sauti guda wadda duk manhajoji ke zuba nasu a ciki, ko mai kunna waƙa, ko burauza, ko ƙaran sanarwa. Ba zai yiwu a haɗa sautuka biyu masu gudu daban-daban a aika su ta hanya ɗaya ba, saboda haka mahaɗar takan sake lissafa kowane sauti zuwa lamba ɗaya tak, wadda aka zaɓa a saitin na'urar, a shafin da aka rubuta wa Advanced. Taka tana kan 48, shi ya sa kome ya fito 48. Da ka ɗaga ta zuwa 192, abin da ya faru shi ne an riƙa ƙirƙiro samfura ta hanyar lissafi ana cike tsakanin na asali, kuma lissafi ba ya dawo da abin da ba a naɗa ba tun farko. Zarginka yana kan hanya. Ka lura kuma cewa 44.1 da 48 ba dangi ɗaya ba ne: kafin a mayar da na farko zuwa na biyu sai an fitar da samfur 160 daga kowane 147, wato kusan babu samfurin asali da zai isa na'urarka yadda yake. Ba zan ce maka wannan lissafin yana lalata sauti har kunne ya gane nan take ba, domin na zamanin nan ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Amma wanda ya nemi fayil mai 192 sannan ya bari aka sauko da shi zuwa 48 kafin ya bar kwamfuta, ya yi aikin baban giwa.

Maganin shi ne ka kewaye mahaɗar gaba ɗaya. Tun daga Windows Vista akwai tsarin da ake kira WASAPI, kuma yana da yanayin keɓewa, inda manhaja ɗaya ke riƙe na'urar ita kaɗai, ta gaya mata gudun kowane fayil, ta miƙa mata lambobin ba tare da kowa ya sa hannu ba. A wancan shafin na Advanced za ka ga akwatuna biyu da ke ba manhajoji izinin keɓe na'urar, ka tabbatar an yi musu alama. Daga nan sai ka buɗe manhajar da kake kunna waƙa da ita, ka shiga wurin zaɓen mafitar sauti, ka zaɓi sunan DAC ɗinka wanda ke ɗauke da alamar keɓewa. Manhajoji irin su foobar2000 da JRiver Media Center da Audirvana da Roon duk suna da wannan zaɓi. Akwai kuma hanya ta biyu, wato ASIO, wadda kamfanin Steinberg ya fito da ita don masu aikin naɗar sauti, kuma tana aiki ne idan masu ƙera na'urarka sun bayar da direbanta. Duk wadda ka bi cikin biyun, lambobi iri ɗaya ne za su isa, don haka kada ka ɓata lokaci wajen neman wadda ta fi daɗi. Shi kuwa saitin mahaɗar, ka mayar da shi bit 24 da 48 ka bar wa burauza da bidiyo, tun da su ta nan za su ci gaba da bi.

Batun ƙofa kuwa, ni USB zan zaɓa, kuma dalilina ba faɗin hanya ba ne. Idan ka buga samfur 192,000 sau bit 24 sau 2, wato hagu da dama, za ka samu megabit 9.2 da 'yan kai a daƙiƙa, alhali USB 2.0 tana da 480. Iyakar da mutane suka sha fama da ita a da ta fito ne daga tsohuwar ƙa'idar sauti ta USB, wato aji na ɗaya na 1998, wadda ke tafiya a kan megabit 12 kuma a aikace take tsayawa a 24 da 96. Aji na biyu ya zo a 2006 ya ɗauke wannan shinge. Mac da Linux sun daɗe da karɓarsa, shi kuwa Windows sai a 2017, da fitowar Windows 10 mai lamba 1703, ya zo da direbansa na cikin gida. Tun da allonka ya riga ya nuna 192, ka haye wannan.

Dalilin gaskiya shi ne agogo. Na'urar DAC tana buƙatar juya kowane samfur a daidai lokacinsa, kuma idan tazarar da ke tsakanin samfura tana ɗan rawa, wannan rawar takan koma gurɓata a cikin sauti. A tsarin S/PDIF, wanda wayar haske da ta kowaks ke ɗauka, agogon mai aikawa ne ake cusawa cikin bayanan, mai karɓa kuma sai ya tsamo shi ya bi, ko yana so ko ba ya so. A USB kuwa, yawancin na'urorin yanzu suna aiki da tsarin da DAC ke riƙe da nata agogon, ta ajiye bayanai a ɗan rumbu, ta riƙa aika wa kwamfuta saƙo cewa ta ƙara ko ta rage abin da take turowa. Na'urori da yawa ma agogo biyu gare su, ɗaya mai megahaz 22.5792 domin dangin 44.1, ɗaya mai 24.576 domin dangin 48. Idan ka sa akwatin mayar da USB zuwa haske a tsakani, ka karɓe ragamar daga hannun wannan agogon ka miƙa wa wani.

Game da waya ta musamman, abin da ake buƙata daga wayar USB shi ne ta cika ƙa'ida kuma kada ta wuce mita 5. Idan ta gaza, abin da za ka ji shi ne ƙas-ƙas ko yankewa, ba raguwar armashi ba.

Mai Naɗar Sauti ta amsa:

Ranka ya daɗe, Baba Injiniya, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ina ganin ka ɗan danne wa wayar haske haƙƙinta. Gaskiya ne cewa TOSLINK, wato wayar hasken, wadda Toshiba ta fito da ita a 1983, ba a yi ta domin 192 ba, kuma a kan na'urori da yawa a 96 take tsayawa, wasu kuma su kai 192 idan wayar gajera ce kuma ɓangarorin biyu sun amince. Ita kowaks mai om 75 ta fi ta juriya a wannan fanni. Sai dai haske yana da wata baiwa da babu ɗaya daga cikin sauran da ke da ita kai tsaye: babu ƙarfe ko ɗaya da ya haɗa kwamfuta da DAC, saboda haka ƙazantar lantarkin da ke cikin kwamfuta ba ta da gadar da za ta bi ta tsallaka. Wayar USB kuwa tana ɗauke da bolt 5 da layin ƙasa, kuma ta wannan layin ne matsaloli da dama ke shigowa. Ita ma rawar agogon da ka ambata, na'urorin zamani da yawa suna tace ta har ta koma ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Na taɓa aiki da wata kwamfutar tebur wadda duk lokacin da na motsa linzami sai in ji wani ɗan zizizi a lasifika, kamar sauro ya shiga ɗaki. Na kwashe mako guda ina sauya direba da saiti a banza, ranar da na koma wayar haske a kan 96 ɗakin ya yi tsit. A wurina 96 mai tsabta ya fi 192 mai sauro. Saboda haka shawarata ga Malam Mai Sauraro ita ce ya fara da USB kamar yadda ka ce, amma kada ya ɗauki ƙofar haske a matsayin ado.

Akwai kuma abin da ba a tambaya ba amma ya kamata a faɗa, domin kada a gama gyara hanya a tarar da kayan da ake dako ba su kai ba. Gudun samfur yana ƙayyade iyakar tsinin sautin da za a iya naɗa, wato rabin lambar: 44.1 yana kai wa 22.05, 96 yana kai wa 48, alhali kunnen matashi mai lafiya a wajen kilohaz 20 yake tsayawa, na manya kuma ƙasa da haka. Shi kuma zurfin bit yana ƙayyade tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfin sauti da ƙasan shiru, kimanin desibal 96 a bit 16, da 144 a bit 24, ko da yake wannan na biyun a takarda ne kawai, domin babu na'urar da lantarkinta ya yi shirun da zai kai can. Mu da ke naɗa muna son bit 24 ne saboda yana ba mu sarari mu yi aiki ba tare da tsoron sauti ya fashe ba. Ga mai sauraro kuwa, yadda aka gyara faifan a ɗakin aiki ya fi lambar da ke kan allo tasiri.

Kuma ba kowane fayil mai 192 ne ɗan asali ba. Malam, ka buɗe naka a manhajar Spek ko Audacity ka dubi hoton sautin. Idan ka ga launi ya yanke ƙat a wajen 22, sama da nan kuma baƙi ƙirin, to wani ne ya riga ya yi wa faifan CD irin abin da abokinka ya sa ka yi.

Mai Sauraro ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba Injiniya da Malama. Na yi yadda aka ce, kuma yanzu allon yana bin kowane fayil. Idan na tashi daga mai 44.1 zuwa mai 96, nakan ji ɗan ƙit daga cikin na'urar, a yi shiru na ƙiftawar ido, sannan lambar ta sauya. Na kuma duba fayilolina kamar yadda Malama ta ce, biyu cikin bakwai sun yanke a 22, abin da ya ba ni dariya da takaici a lokaci guda.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin sababbin abubuwa uku sun ɓullo. Idan ina kunna mai 192, nakan ji ƙas sau ɗaya ko biyu cikin 'yan mintoci, abin da ba ya faruwa a 44.1. Da na haɗa DAC ɗin da amfilifaya mai filogi ƙafa uku, sai wani gunji mai kauri ya taso, wanda ke ɗaukewa da zarar na zare cajar kwamfutar ta koma kan batir. Sannan fayil ɗin DSD guda ɗaya da nake da shi, idan na kunna shi allon 176.4 yake nunawa maimakon DSD, kuma shuuu kawai ke fitowa. Ko na'urar ba ta iya abin da aka rubuta a kwalinta ba ne?

Ɗan Linux ya amsa:

Malam, bari in ɗauki na farkon, sauran biyun na bar wa manya. Sauti a kan USB yana tafiya ne ta hanyar da aka ware masa lokaci tabbatacce amma ba a sake aiko abin da ya ɓata, saɓanin kwafar fayil zuwa filashi inda ake maimaitawa har sai ya shiga daidai. A gudun 480, sau 8,000 ake aika ƙunshi a kowace daƙiƙa. Idan kwamfuta ta shagala da wani abu na ɗan lokaci har rumbun ya ƙare, wannan giɓin shi ne ƙas ɗin da kake ji, kuma a 192 rumbu mai yawan samfur iri ɗaya yakan ƙare da sauri fiye da ninki huɗu idan aka kwatanta da 44.1. Ka ƙara girman rumbun a cikin manhajarka, domin jinkirin rabin daƙiƙa ba ya cutar da mai sauraro, mai kiɗa kai tsaye kaɗai yake damu. Ka soka na'urar a jikin kwamfutar kai tsaye, ba ta akwatin rarraba USB ba, ka kashe saitin da ke sa ƙofofin USB barci don tattalin batir. Idan abin ya ci gaba, manhajar LatencyMon za ta nuna maka direban da ke riƙe kwamfutar, kuma sau da yawa na waifai ne.

Ga waɗanda za su karanta wannan daga wasu tsare-tsaren, labarin mahaɗa iri ɗaya ne. A Linux, PipeWire, wato mahaɗar sautinsa, a 48 yake zama sai an rubuta masa jerin lambobin da aka yarda ya sauya zuwa gare su, ko kuma a sa manhaja ta yi magana da na'urar kai tsaye ta ALSA, tsarin direban sauti na Linux. A Mac, lambar tana cikin Audio MIDI Setup.

Tsohon Injiniya ya ƙara da cewa:

Wannan ƙit ɗin da kake ji ba lahani ba ne, na'urar ce ke rufe mafita na ɗan lokaci yayin da take sauya gudu. Batun DSD kuwa, lambar 176.4 da ka gani ita ce ta tona asirin. DSD64 bit ɗaya ne da ke gudu a megahaz 2.8224, kuma domin a wuce da shi ta hanyar da aka gina don PCM, wato tsarin samfura na yau da kullum irin na CD, sai aka ƙirƙiro dabarar da ake kira DoP. Ana ɗaukar samfur mai bit 24 a gudun 176.4, a zuba bayanan DSD a cikin bit 16 na ƙasa, a sa wata alama a bit 8 na sama wadda ke sauyawa tsakanin ƙima biyu daga samfur zuwa samfur. Idan DAC ta ga alamar sai ta gane cewa kayan ciki DSD ne, ta buɗe ƙunshin. Amma da zarar wani abu ya taɓa lambobin, ko da rage ƙara ne da ɗigo ɗaya, alamar ta rushe, na'urar kuma ta ɗauka PCM ne na gaske ta karanta shi a haka. Ka duba madannin ƙara na cikin manhajarka, ina kyautata zaton ba a kan ɗari bisa ɗari yake ba. Ka cika shi, ka kashe duk wani mai daidaita sauti ko mai daidaita ƙarar waƙoƙi, ka riƙa rage ƙara daga jikin amfilifaya. Ka sauke ƙarar amfilifayar ƙasa sosai kafin ka gwada. Idan kalmar DSD ta bayyana a allon, ka samu shaida mafi ƙarfi cewa babu bit ɗaya da ya sauya tsakanin fayil da na'ura.

A kan gunjin kuwa, Malama ta yi gaskiya, na kuma karɓi gyara. Cajarka tana da hanyarta zuwa ƙasa, amfilifaya ma tana da tata, wayar USB da wayoyin sauti kuma sun haɗa su, sai aka samu zobe wanda ɗan lantarki ke zagayawa a ciki. Shi ya sa zare caja ke kashe shi. Kada ka kuskura ka karya ƙafar ƙasa ta filogi, ko da wani ya ce maka hakan na magani, domin wannan ƙafar ce ke tsakaninka da jan wuta ranar da wani abu ya lalace a cikin na'ura. Ka fara da soka caja da DAC da amfilifaya a soket ɗaya mai baki da yawa, wani lokaci wannan kaɗai ya wadatar. Idan DAC da amfilifayar duka suna da ƙofar XLR, wato masokin sauti mai ƙafa uku, ka koma kanta. In duk bai yi ba, sai na'urar raba lantarki ta USB, amma ka karanta bayananta da kyau, domin da yawa daga cikin tsofaffin a megabit 12 suke tsayawa, abin da zai mayar da kai 96 ko ma na'urar ta ƙi tashi. Wadda ta kai 480 za ka nema. Ka fara gwada soket ɗin da madannin ƙara, ka dawo ka gaya mana abin da allon ya nuna.